Kana Can Kana Auna Ƙwayar W

Zuwa ga Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Tunda ba ka ɗaga waya, na rubuto nan bainar jama'a, ko kunya ta sa ka karanta.

Yaya, ka sake ɗage zuwanka. Ka ce awon da kuka yi wa nauyin ƙwayar W, 'yar mitsitsiyar nan da ta fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, a injin nan naku na ƙarƙashin ƙasa a Turai ya ɗan saɓa da na wasu masana, sai kun sake bi daki-daki. Ba jahila ba ce ni, kimiyya nake koyarwa a Tudun Wada. Na san idan nauyin ya kauce ko da ƙiris daga abin da ƙa'idar haɗa ƙarfin lantarki da rarraunan ƙarfi ta faɗa, duniyarku za ta girgiza. To, sannunku da aiki. Amma abin da bai kai ƙiftawar ido a raye ba kun san nauyinsa, kai kuma ka kasa sanin watan da za ka zo Doguwa. Wallahi raina ya ɓaci.

Idon Inna yana tafiya. Likita a Kano ya ce a yi aikin yanzu, in an jinkirta shi ke nan. Ta ce ba mai taɓa mata ido sai ka zo ka tsaya a kanta. Na yi lallashi, Kawu ya yi faɗa, ta juya mana ƙeya ta ci gaba da ɓarar masararta da lalube.

Ka tuna yadda take yi da kai? Ɗan fari ne kai, ba ta kallonka a gaban mutane, ba ta kama sunanka. "Ku ba wancan tuwonsa," haka take cewa, alhali ita ta ɓoye maka tsokar a ƙasan miya.

Jiya da hantsi mai gyaran famfo ya yi sallama. Tsayinku ɗaya. Inna ta miƙe, kwanon masara ya kife, a gaban matan maƙwabta ta ce, "Habibu?"

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

Allah ya daidaita muku awonku, ya kawo ka tana iya gane fuskarka. Amin.

Ƙanwarka,
Rabi