Katin Aurenki Yana Cikin Kwamfutar da Ta Mutu

Zuwa ga Injiniya ta saman bene, sanyin idona, inuwar da nake hange daga tsakiyar rana, ruwan randar da na daɗe ina kewayawa da ƙishi ban iya roƙa ba,

Ina gaishe ki gaisuwar mai neman a saurare shi. Na san da kin ga baƙar jakar nan a kan teburinki za ki ɗaure fuska, ki ce mai buga kati na ƙasan bene ya dawo da wasan yaransa. Don girman Allah kada ki ture ta. Ki karanta har ƙarshe, sannan ki yanke hukunci. Wannan karon wallahi da gaske kwamfutar ta mutu, kuma katin aurenki yana cikinta.

Shekaranjiya yayanki ya shigo shagonmu da fara'arsa da 'yar takarda a hannu. Bai san ni ba, bai san abin da ke raina ba. Ya ce, "Malam, kati za a yi mana, amma fa mai kyau. Ƙanwata ce, autarmu, wadda ke gyaran kwamfuta a samanku." Na karɓi takardar, na ga sunanki, na ga na mai kantin gilashin ido na bakin titi a gefensa. Na ce masa Allah ya sanya alheri. Ban san da wane baki na faɗa ba. Na zauna na tsara katin, na zaɓa miki shuɗin da kike yawan yafawa, na daidaita haruffa yadda ban taɓa yi wa kowa ba. Ina saka ranar ɗaurin aure allon ya yi baƙi ƙirin. Babu ƙara, babu hayaƙi, babu sallama.

Kin tuna zuwana na farko? An yi ruwa da safe, matakalar benen duk santsi, na hau rungume da kwamfutar kamar mai kai jariri asibiti. Ko kallona ba ki yi ba. Kika juya ta, kika kai hancinki wajen ramukan iska kika shinshina, sannan kika ce, "Me ka yi mata?" Na ce ban yi mata komai ba. Kika ce, "Duk haka kuke cewa." Kika zare batir, kika ɗora yatsa a kan maɓalli kika riƙe, kika mayar, sai ga haske. Kika yi murmushi, amma ita kika yi wa, ba ni ba. Ya ke mai hannun da ke tashin matattun injuna, tun ranar nake kishi da kwamfutata.

Sauran labarin kin san shi, ba sai na wanke kaina ba. Na koyi kwance murfin baya, in ɗan sassauta ƙwaƙwalwar nan da kuke kira ram, in hau bene da fuskar tausayi, don kawai in tsaya a ƙofarki in kalli yadda kike tattare gira idan kina tunani. Ina zan san kina ɗiga jan farce a kan kowane sukuru bayan kin ɗaure, don ki gane idan wani hannu ya bi bayan naki? Ranar da kika haska tocila kika ga jan ya fashe, ba ki ɗaga murya ba, da ma kin ɗaga. Kika ce, "Malam, ni sana'a nake yi a nan. In kana da magana, bakinka ne zai faɗa, ba kwamfutarka ba." Kika sake ɗaurewa, kika sake ɗigawa, kika miƙo mini. Ƙofa kika buɗe mini ranar, a fili, ni kuwa wawa na ɗauka kora ce. Na sauko da maganata a ciki, na riƙa kewayawa ta ƙofar baya don kada mu haɗu, ina tara ƙarfin hali kamar mai tara ruwa a kwando. Shi kuwa mai gilashi ya hau da bakinsa.

To ki ji abin da na yi wa kwamfutar wannan karon, tunda na san shi za ki fara tambaya. Na bi duk abin da kika koya mini, ɗaya bayan ɗaya, da muryarki a kunnena. Na fara zargin soket, na jona dutsen gugar tela maƙwabcinmu a wurin, ya ɗauki zafi nan take. Na bi igiyar caja da yatsa tun daga kai har gindi ina neman inda ta karye, lafiyarta lau. Na ari cajar mai hoto, irin tawa ce sak, na jona, ɗan hasken nan na gefe ko ƙiftawa bai yi ba. Na cire filashin ajiya, na cire linzamin kwamfutar, na raba ta da duk abin da ke maƙale da ita. Na zare batir, na danne maɓalli har farcena ya yi fari, na saka caja ita kaɗai, na sake dannawa. Shiru. Na ce ko tana raye allon ne ya makance, na haska shi da tocila ta gefe ina neman inuwar rubutu, na jona ta da babban allon maigidana, ba abin da ya fito. Na kara kunnena a jikinta ko zan ji fanka na numfashi. Na shinshina ramukan iska yadda kike yi, har tela ya leƙo ya ce, "Lafiya dai? Ko turare ka sa mata?" Babu ƙauri, babu ɗumi, sanyi ƙalau kamar dutsen bakin rafi.

Abu ɗaya ya rage, a buɗe ta. Na ɗauko sukudireba, na juya ta, sai na ga ɗigon jan farcenki a kan kowane sukuru, lafiyayye, yadda kika bar shi. Na ajiye. Ki haska ki duba da kanki, rabin raina. Ita ce kaɗai shaidar da nake da ita a duniya cewa ba ni na kashe ta don in hana aurenki ba.

Da yayanki ya dawo jiya na gaya masa, dariya ya yi. Ya ce, "Kai ma dai, ga mai gyara a saman kanka? Kai mata mana, ai katin nata ne, ta gyara abinta." Bawan Allah, bai san wuƙar da ya miƙa mini ba. Maigidana kuma ya ce in daina ɓata lokaci, in hau tasa kwamfutar in sake tsara katin kafin la'asar. Gaskiyarsa ne, ba zan ɓoye miki ba, aiki ne na ɗan lokaci kaɗan. Amma hannun da ya jera sunanki kusa da na wani sau ɗaya ya ƙi ya sake. Na zauna gaban allon maigida, na tashi ban taɓa komai ba.

Ban ga laifin mai gilashi ba. Mutumin kirki ne, yana gaisuwa, yana share ƙofar kantinsa har da ta maƙwabta. Amma ya san kina cije leɓen ƙasa idan sukuru ya ƙi kwantuwa? Ya san ba kya son a tsaya miki ta hagu, saboda ana tare miki hasken taga? Ya san takunki a kan bene, ranar da aiki ya yi kyau da ranar da bai yi ba? Ni a ƙarƙashin takun nan nake zaune, da shi nake gane safiya, da shi nake gane an tashi. Idan ya daina sauka a kan rufin shagonmu, da me zan riƙa sanin gari ya waye?

Ga maganar da kika ce bakina ya faɗa. Ta makara, ta zo a takarda, amma tawa ce. Ina son ki. Ina son ki son da ya hana ni cin abinci, ya mai da ni abin dariyar tela. Ina son in aure ki, in riƙa ɗauko miki jakar kayan aiki, in tsaya ta dama, in yi shiru idan kina tunani. Ba ni da abin da ya fi nasa, sai dai na riga shi, kuma tsoro ne kawai ya riƙe ni.

Ba zan ce ki kunyata iyayenki ba, ba zan kuma tare ki a matakala ba. Kati bai fita ba tukuna, ba wanda aka gayyata. Ga kwamfutar nan a hannunki, ke kaɗai za ki iya tashin ta. Idan kin gyara kin aiko da ita tana haske, na ji amsata. Zan buga katin da hannuna a takarda mafi kyau da muke da ita, babu kuskuren harafi ko ɗaya, in kai wa yayanki har gida, kuma ba za ki ƙara jin bakina ba.

Amma idan akwai saurana a zuciyarki, ko da ƙanƙani ne, to ki yi abin da duk benen nan ba a taɓa jin kin yi ba. Ki mayar da ita cikin jaka yadda ta zo, ki aiko a ce mini Injiniya ta duba, ta kasa. A ranar kawuna zai nemi ganin mahaifinki.

Ina ƙasa, ina jin motsin kujerarki. Duk masu kawo miki gyara addu'a suke yi Allah ya ba ki sa'a. Ki yafe mini, farin cikin raina, ni kaɗai nake roƙon kada ya ba ki.

Naki, ko ta tashi ko ba ta tashi ba, har ranar da za a rufe idona,

Mai kati na ƙasan bene