Allon Shagon Kaka

Litinin, 3 ga Maris
Na zo hutun sati biyu, na tarar za a rushe layinmu a faɗaɗa titi, har da shagon gyaran takalman da Kaka ya buɗe lokacin da ya zo ƙasar nan baƙo. Matar ofishin tarihi ta ce idan shagon ya haura shekara saba'in ba mai taɓa shi. Amma sai da shaida, kafin ranar 12.

Talata, 4 ga Maris
Mun birkita gida kaf. Takardun duk ruwa ya cinye su tun kafin a haife ni. Baba ya zauna kan bencinsa ya yi tagumi. Raina ya ɓaci sosai.

Alhamis, 6 ga Maris
Kai, Gwaggo! Tana shan shayi ta ce wai Kaka, don tsabar maƙo, bai taɓa sayen sabon allon suna ba. Fenti kawai yake ƙara wa tsohon, kuma duk shafawa sai ya rubuta shekara a lungu. Na ce, "Gwaggo, shi ne kika yi shiru?" Ta ce ai ba wanda ya tambaye ta.

Asabar, 8 ga Maris
Mun sauko da allon, nauyi kamar ƙofa. Ina kankarewa da wuƙar yankan fata, Baba na kaina: "A hankali, 'yar nan!" Kore, ƙarƙashinsa shuɗi, sai ja. Shekarun sai baya suke yi. A shafi na shida sai ga sunan Kaka da rubutun ƙasarsu, wanda ni ban iya karantawa ba. Gwaggo ta karanta mana shekarar da ke lungu. Shekara saba'in da huɗu! Na yi ihu har mai kantin magani ya leƙo.

Laraba, 12 ga Maris
Ni da Baba muka ɗauki allon a kafaɗa har ofis, mutane na kallonmu. Matar ta sa tabarau, ta daɗe tana dubawa, sannan ta buga hatimi. Titin zai karkace. Murna kamar in yi rawa a tsakiyar ofis!

Litinin, 17 ga Maris
Yau ya kamata in koma aiki. Wani ya kawo takalmi dunduniya ta cire, Baba ba ya kusa. Na karɓa, na ce ya dawo jibi. Ban ma iya ɗinki ba. Da na faɗa wa Baba, sai ya matsa mini wuri a kan benci.