Ranar Awa De ta Mahbuba

Zuwa ga ƙanwata Hairat,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa wasiƙar nan ta same ki lafiya, ke da maigida, Ya kuma sauƙaƙa miki zaman Kumasi. Mu nan Sagnarigu sai godiya. Inna ƙafar ta yi sauƙi, shanun Hammawa kuma sun koma kusa da gida.

Hairat, da kunya nake rubuto miki, amma gara ki ji daga bakina kafin hotuna su iso wayarki. Kin san makarantar 'yarki Mahbuba, wadda kowa a nan ke cewa KG. Ni a wurina KG wurin ajiye yara ne uwa ta tafi kasuwa. Ko babba ya yi shirme cewa muke yi ɗan KG ne. Shi ya sa da ta yi ta damuna da zancen Awa De, bikin rufe zango da yara ke cin ado su tafi da kwandon abinci, sai na ce wane shagali ga masu barci a tabarma. Na sa mata yunifom, na ba ta koko da ƙosai, na tafi tallan nono.

Da na je ɗaukarta, kowane yaro na cikin kayan salla, gabansa jalof da lemo, ita kaɗai ce a yunifom. Malamarsu, Madam Lordina, ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi asalin sunan, kindagatin, lambun yara yake nufi, kuma shuka tun tana ƙarama take sanin mai ba ta ruwa. Ta ce yara sun yi ta miƙa wa Mahbuba abinci tana ƙi, wai goggonta na tafe da nata kwandon.

Mahbuba na hango ni ta sheƙo, ta sa na sauke ƙwaryar nonon da ke kaina a gaban ƙawayenta. Ta buɗe faifan, ba komai sai ludayi. Ta mayar ta rufe a hankali, ta gaya musu a gida za mu ci.

Amana kika ba ni, na kuwa yi sakaci. Idan kin ce a maido miki ita, ba ni da bakin magana, amma ina roƙon ki bar mini ita zuwa wani zangon. Na riga na sayi kwandon, ta gan shi a rataye, har yau ba ta tambaye ni na wane ne ba.

Ki gaida Abdul-Rauf da Baba Zakaria. Inna na sa miki albarka.

Yayarki,
Kadiatu