A Janye Lambar Yabon Mai Kifi

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Makarantar Manyan Digiri
Daga: Wakiliyar Ɗaliban Bincike Masu Koyarwa, Sashen Nazarin Halittu
Kwanan wata: 14 ga Afrilu

Game da: Roƙon a janye lambar yabon da aka ba wani ɗalibin bincike

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar girmamawa, ana gabatar da wannan ƙorafi a madadin ɗalibin digiri na uku da kowa a sashe ke kira Mai Kifi. Shi ya kasa rubutawa da kansa, don yana ganin rashin kunya ne mutum ya kai ƙarar waɗanda suka yabe shi.

1. Ƙa'idar da aka ɗauke mu a kanta ita ce ɗalibi ya koyar da 'yan aji ɗaya zango guda, a ba shi gurbi a ɗakin gwaji, ɗaya zangon kuma a sake shi ya yi bincikensa. Binciken Mai Kifi a kan kifin da ke yin ƙwai ne idan kogi ya cika, sau ɗaya a shekara. Rajistarsa bana za ta ƙare. In cikar kogin bana ta wuce shi, digirin ya tafi ke nan.

2. Ranar 3 ga Maris ya nemi izinin tafiya kogi a wajen Shugaban Sashe. Ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Ranar 10 ga wata sai ga taron gaggawa, aka tsayar da shi gaban malamai aka miƙa masa lambar Gwarzon Mai Koyarwa. Babu wanda ya ji an yi gasa, balle ya san da wa aka kara. Bawan Allah har da ƙwalla. Sai da tafi ya lafa Shugaban Sashen ya ƙara da cewa ai gwarzo ba ya barin yaransa a tsakiyar shekara.

3. Tun daga ranar alheri ke ta bin sa, mu kuwa ba mu yarda da alherin ba. An ba shi fanka da kujera mai juyawa. Malamin da ke duba aikinsa, wanda a da sai ƙafa ta gaji da sintiri kafin a gan shi, yanzu shi ke tare shi a baranda, yana dafa masa kafaɗa yana kiran sa ɗansa. Darasin 'yan aji ɗayan nan na wannan malami ne, amma yaran ko kamanninsa ba su sani ba. In Mai Kifi ya ɗauko zancen tafiya, sai a yi dariya a ce kogin ai ba gudu zai yi ba.

4. Ba mu zargin kowa, ranka ya daɗe, tambaya muke yi. Mun bincika, kafin bana sau ɗaya aka taɓa ba da wannan lamba. Wanda ya karɓe ta yana nan a ofishin ƙarshen baranda, furfura ta cinye masa gemu, har yau 'yan aji ɗaya yake koyarwa, yara na ce masa Malam Saura Ƙiris. Mutumin kirki ne, bai dai gama digirinsa ba. Da Mai Kifi ya je nuna masa lambar, bai taya shi murna ba, sai kawai ya tambaye shi yaushe kogin ke cika. Jiya kafinta ya shiga ofishin dattijon da tef ɗin awo, ya ce an turo shi ya duba wurin tebur na biyu.

Saboda haka muna roƙon mai girma ya sa a janye lambar, a sahale wa Mai Kifi tafiya kafin ruwa ya iso. Ya yarda zai rama koyarwar idan ya dawo. Alfarma ɗaya ya ce a nema masa: a yi janyewar cikin sirri, don mahaifiyarsa ta riga ta rataye hoton taron a ɗakinta, duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa ta ce ɗanta ya kusa zama dakta.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya. A gafarta mana inda harshe ya zarce.

Taka mai biyayya,
Wakiliyar Ɗaliban Bincike Masu Koyarwa
(sa hannu)