Rainon Malam Modu

Ƙofar Mazugal, Kano
10 ga Satumba, 1979

Zuwa ga Gwaggo Fanna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen Yerwa baki ɗaya. Yaya ciwon ƙafar? Baba yana gaishe ki.

Gwaggo, na san saƙo ya iso miki cewa na sauka, amma ban sani ba ko an gaya miki bakwaini ce. A cikin kwalba aka fara nuna mini ita. Tsawonta bai kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsuna ba. Sati biyar ta yi a asibiti, tana can aka yanka rago, aka raɗa mata suna Lauratu. Ki yi haƙuri na rubuta sunan 'yar fari da hannuna, ba mai rubuta miki in ba ni ba. Yanzu muna gida wajen Baba, tana ƙaruwa a hankali.

Abin da ya dame ni shi ne hutun haihuwa zai ƙare ƙarshen watan nan. Soja za su miƙa mulki ranar ɗaya ga Oktoba, ni kuma ina cikin mata huɗu da aka zaɓa su riƙa buga bayanan zaman sabuwar majalisar jiha a tafireta. Da cikin na zauna jarrabawar, na zo ta biyu. In ban je ba, wata za a ba. Maigidan yana kwas a Ibadan sai Disamba, ya ce shawara tana hannuna ni da Baba.

Nas ta ja kunnena cewa kada a kai yarinyar inda yara suke da yawa, don mura kaɗai za ta iya kayar da ita. Na je wajen 'Yardada, tsohuwar da ke raino a lungunmu, na tarar da yara biyar a tsakar gida, biyu suna tari. Hajo maƙwabciyarmu ta yarda za ta riƙa yi mata wanka da wanki, amma ba za ta iya zama ba saboda tuwon sayarwarta. Da Inna tana da rai da ban yi wannan yawon ba.

Na dawo ina kuka, Baba ya shigo da tawada a yatsunsa, ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "To ni fa? Ai a zaune nake wuni."

Na ɗauka rarrashi ne. Washegari ya sa babbar riga ya bi ni asibiti, ya zauna gaban nas kamar ɗalibi. Ta koya masa yadda ake dafa kofi da cokali, da yadda ake ba ta nonon da na tatsa kaɗan-kaɗan, da abin da zai yi in ta shaƙe. Duk ya rubuta da ajami.

Ina neman albarkarki. Ki gaida kowa.

'Yarki,
Bahijja

*

Yerwa
21 ga Satumba, 1979

Bahijja,

Wa alaikumus salam. Wushe, sannu da jego, Allah ya raya Lauratu, ya sa mai albarka ce. Malama Jummai ta gidan gaba ce ke rubuta mini, na ce mata kada ta gyara ko kalma ɗaya.

Na ji bayaninki, amma ban ji daɗinsa ba. Babanki Modu ƙanena ne, ni na goye shi, kuma ban taɓa ganin ya ɗauki jariri ba. Mutumin da ya rubuta Alƙur'ani goma sha ɗaya da ka, wanda ake tasowa daga Haɗeja a zo neman rubutunsa, shi za ki mayar mai raino yana da shekara sittin da bakwai? Me za a ce a masallaci? Me dangin mijinki Ɗayyabu za su ce, cewa gidanmu babu mata?

Ga zaɓi biyu. Ko ki ajiye wannan tafireta har ki yaye ta, ko ki hawo mota ki kawo mini ita, ku zauna wurina. Majalisa ba za ta rushe don babu ke ba. Mun ga farar hula sun zo, mun ga soja sun kore su, amma jariri in ya tafi ba ya dawowa.

Kuma bakwaini ba a wasa da shi. Na sani, ba ji na yi ba. Ki naɗe ta da auduga, kada iska ta taɓa ta, kada a bari kowa ya leƙa ta.

Ki gaya wa Modu na ce ya ji kunya. Ki gaida Hajo, Allah ya saka mata.

Gwaggonki,
Fanna

*

Ƙofar Mazugal, Kano
14 ga Oktoba, 1979

Zuwa ga Gwaggo Fanna,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa da girmamawa. Wasiƙarki ta iso, na karanta wa Baba ita duka. Ya ce in gaya miki ya ji, amma kunyar ba ta zo ba.

Gwaggo, ki yafe mini, na koma aiki. Ranar farko hankalina yana gida. Amma na buga shafi talatin da takwas, babban akawu ya duba bai sami kuskure ba. Ya kuma ba ni izinin zuwa gida da azahar in shayar in komo. Wani lokaci ina bugawa sai in tuna cewa maganar wakilin wani ƙauye a kan rijiyar garinsu da hannuna za ta shiga littafi, in ji wani daɗi da ban san yadda zan faɗa miki ba.

Baba ya bar zaure ya dawo da aikinsa cikin ɗaki. Yana kwantar da ita a ƙirjinsa cikin riga saboda ɗumi, yana rubutu da hannun dama. Maganar da kika yi gaskiya ce, an yi surutu. Alhaji Muttaka abokinsa ya tare shi bayan sallar la'asar, ya tambaye shi a gaban jama'a ko a sayo masa majanyi. Baba ya ce masa ya gode, yana da guda biyu.

Abin da ya sa na rubuto shi ne abin da ya faru ranar Laraba. Da hantsi yana ba ta nono, sai ta shaƙe, numfashi ya ɗauke, leɓenta ya canja launi. Hajo ta ce ita zubewa ta yi a bakin ƙofa tana salati. Baba kuwa ya kifa ta a kan hannunsa kamar yadda aka koya masa, yana bubbuga bayanta da yatsu, har ta yi tari ta tsala kuka. Garin haka ya ture tawada a kan takardun da ya kwana uku yana rubutawa. Bai ko kalle su ba. Ya sa ta cikin riga, ya taka har bakin ƙofar gari, ya tari tasi zuwa asibiti.

Daga can aka aiko aka kira ni. Na tarar da shi a benci cikin mata, ba hula a kansa, tana barci a jikinsa. Likita ya ce ba abin da ya same ta, kuma da an tsaya neman taimako da labarin ya bamban. Na ce wa Baba gobe zan ajiye aikin. Ya ce, "In kin ajiye, kin nuna ban iya ba ke nan. Ki je ki yi naki, ni ina nawa."

Na je. Har na tsufa ba zan manta da ganinsa a bencin nan ba.

Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Bahijja

*

Yerwa
22 ga Oktoba, 1979

Bahijja,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da Allah ya tsare. Sau uku na sa Jummai ta maimaita mini wasiƙarki.

Akwai abin da ba a taɓa gaya miki ba. Ba ke ce ta fari a wurin uwarki ba. Shekara biyu kafin ke ta haifi namiji, shi ma bakwaini, a wannan ɗakin da kuke ciki. Ni na zo na zauna da ita. Modu ya yi tafiya kai Alƙur'ani Haɗeja, bai dawo ba sai ranar kwana shida. Ko takalmi bai cire ba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in miƙo masa yaron ya gani. Na ce masa maza ba sa shiga, kuma ba a fito da bakwaini, ya jira a yi arba'in. Ya juya ya koma zaure. Ranar kwana tara yaron ya koma. Ɗaukar da Modu ya yi masa ta farko ita ce ta kai shi makwanci.

Shekara ashirin da shida ke nan bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Da na ce ban taɓa ganin ya ɗauki jariri ba, ban faɗi wanda ya hana shi ba.

Na janye maganata. Ki riƙe aikinki, ki bar masa jikarsa. Ina so in zo babbar sallah, in ƙafa ta bari, in kuma yana son ganina. Wannan ma ki karanta masa duka.

Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki,
Fanna

*

Ƙofar Mazugal
27 ga Oktoba

Ya Fanna,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Bayan haka, an karanta mini. Abin da ya wuce hukuncin Ubangiji ne, kin yi abin da kika sani, ban taɓa riƙe ki a zuciya ba.

An auna Lauratu jiya, kilo uku da rabi. Ta fara gane muryata. Uwarta kuma an ɗora ta a kan sauran masu bugu.

Ki zo. An share miki ɗakin kudu. In kin iso, kin huta, kin wanke hannu da sabulu, zan miƙa miki ita da hannuna, ku yi sallah tare. Amma ranar Litinin da safe ki dawo mini da ita.

Haza wassalam.

Ƙanenki,
Modu