Dalilin da Ya Sa Na Zaunar da Nyagale a Benci

Daga Segu, ƙasar Mali,
zuwa ga yayana Zumana Jara, a Librebil.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Korotumu da ƙananan yara. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya tsare ka daga sharrin manyan motocin da kake wuni a ƙarƙashinsu, ya sa wa sana'arka albarka. Mu nan lafiya lau muke, sai zafin da ka sani, wanda ke hana kaza fitowa da rana. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa Juma'a da kanta, tana dogara sanda tana faɗa da duk wanda ya ce zai riƙe ta. Mangwaron tsakar gida ya yi 'ya'ya har reshe guda ya karye. Kogi ya ja baya sosai, masunta na kukan kifi ya yi wuya. Ɗan'uwanmu Burama ya gama rufin ɗakinsa, yanzu sai maganar ƙofa.

Yaya, na saurari saƙon muryar da ka aiko har ƙarshe, ban tsallake ko kalma ba. Ka ce ka bar mini 'yarka Nyagale amana don ta yi karatu, ni kuma na yi amfani da zamana kocin ƙungiyar ƙwallon kwando na tozarta ta a gaban gari, na zaunar da ita a benci kamar wadda ba ta taɓa riƙe ƙwallo ba. Ka ce za ka aiko a ɗauko ta, ta je ta taya uwarta zaman shago. Ban kira ka ba don na san halinmu: ka ɗaga murya, in ɗaga, Inna ta fito tana salati. Kuma kukan da Nyagale ta yi maka a waya tsohon kuka ne. Kana can daji wajen gyaran motocin katako abubuwa suka sauya, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta maka komai tun daga tushe.

Rabonka da ita ta ƙara tsayi, sai ta sunkuya take shiga ɗakin girki. Hannun damanta kuwa baiwa ce daga Allah, in ta saki ƙwallo sai dai ka ji raga ta amsa. Amma da zarar ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, sai ka ga Nyagale tana dawowa a hankali kamar mai zuwa gidan biki, 'yan uwanta huɗu na fama da mutum biyar. Hannun hagunta kuma kamar aro ta yi. Da tana ƙarama tsayi ya rufa mata asiri. Yanzu shekarunta sha tara, tana wasa da mata ƙarfafa, kowa doguwa ce, kowa ta iya jifa, kuma duk ƙungiyoyin da muke karawa da su sun gane sirrin: a tsaya mata ta dama, an gama da ita.

Saboda haka atisayen da nake ba su ba na yara ba ne. Akwai wanda suka laƙaba wa suna tafiyar ƙaguwa: mutum ya durƙusa kamar zai zauna a kujerar da babu ita, ya riƙa tafiya a gefe daga wannan layi zuwa wancan, ƙafa ba ta taɓa ƙafa, ga tawul a bayan wuya ya riƙe da hannu biyu don ƙafafu kaɗai su yi aikin tsaro. Daga nan sai a kai hannun dama baya, a buga ƙwallo da hagu zuwa ƙarshen fili a dawo, ido na kallon gaba ba ƙasa ba. Sai a ajiye ƙwallo a ƙasa, mutum ya kare ta da bayansa, abokiyarsa na turo shi, don su saba da kokawar ƙwallon da ta daki zoben kwando ta dawo. A ƙarshe su yi gudu har numfashi ya ƙare, sannan in kira ɗaya ta tsaya a layi ta yi jifa tana haki. In ta zubar, kowa ya sake gudu. A wasa ba a jiran mutum ya huta kafin ya yi jifa, to me zai sa in jira su?

Wata ranar Laraba, ana tsakiyar tafiyar ƙaguwa, Nyagale ta miƙe tsaye ta yar da tawul, ta ce ita ba ƙaguwa ba ce, kuma maki ake rubutawa a allo ba durƙuso ba. A gaban kowa ta faɗa. Na ce mata to, wadda ba ta sha wuya tare da 'yan uwanta ba, ba za ta yi wasa tare da su ba. Ta ɗauka wasa nake, har ranar karawarmu da 'yan garin Kuciyala ta zo ta ga ban kira sunanta ba. Aka cinye mu, Yaya, cin kaca. Wani daga cikin 'yan kallo ya miƙe yana ihu wai na bar bindiga a gida na zo yaƙi da muciya. A gida Inna ta ture tuwon da na kai mata, ta ce in fara mayar wa jikarta ƙwallonta tukuna. Ita kuwa Nyagale ta daina zuwa fili, ta daina gaishe ni sai dai ta kaɗa kai. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya ci mini rai, amma ban janye ba.

Wadda ta warware mana ƙullin ita ce kyaftin ɗinmu, Sanata Tarawore, wata 'yar gajeriya mai koyon ɗinki, da ƙyar ta kai kafaɗar 'yarka. Ka san 'yan Tarawore, abokan wasanmu na gargajiya, da bakin tsiya in sun samu ɗan Jara. Ta tare ta a majalisar masu shayi da ke bakin fili, ta ce ga baiwarta nan doguwar banza, wai waken da 'yan Jara ke ci ne ya cika mata ciki shi ya sa ba ta iya durƙusawa. Nyagale ta ce ita ba ta magana da mutanen da sai an duƙa ake ganin su. Sanata ta ce to a shiga fili su biyu, wadda aka cinye ta ɗauki jakar wadda ta ci, ta ratsa kasuwa da ita. Samarin suka ajiye kofunan shayi suka zagaye su. Ni ina nesa a gindin darbejiya ina kallo. Sanata ta manne mata a dama, ta buɗe mata hagu kamar titin Bamako, tana cewa ga hanya nan ranki ya daɗe, a wuce mana. Duk lokacin da Nyagale ta mayar da ƙwallo hagu, ko ta daki ƙafarta ko Sanata ta fizge. In ƙwallo na hannun Sanata kuwa, sai ta bi ta ƙarƙashin hammatarta ta wuce. Haka 'yarka ta ratsa kasuwa da jaka a ka, Sanata na gaba tana shaida wa masu sayar da kifi cewa ta sayi raƙumi a araha. A yammacin nan ne ta kira ka tana kuka.

Washegari sai ga ta a fili. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ta ɗauki tawul ta bi bayan layi. Kwanakin farko cinyoyinta suka riƙe har ba ta iya zama a tabarma sai ta dafa bango, Inna na gasa mata da ruwan zafi da man kaɗanya tana kira na marar imani. Ta yi amai a gefen fili ba sau ɗaya ba, ta kurkure baki ta dawo. Jifanta bayan gudu ya sa ƙungiya ta sake gudu har suka fara yi mata kallon banza, ita kuma ta riƙa tsayawa bayan an tashi tana maimaitawa. A gida ta koma shara da hagu, jan ruwa da hagu, daka da hagu. Inna ta zuba mata ido har ranar da ta miƙa wa matar liman ruwa da hagu, nan ta bi ta da mafici har zaure.

Ranar Asabar da ta wuce muka karɓi 'yan garin Sikaso. Ban fara da Nyagale ba, sai bayan hutun rabin lokaci na sa ta, na ce ta riƙe mini wadda ta fi damun mu, wata ƙaƙƙarfa da ta yi ta zuba mana maki. Yaya, da ka ga yadda ta durƙusa ta bi yarinyar nan taku da taku, da ba ka gane 'yarka ba. Maki kaɗan ta ci, ɗaya da hagu, jifa mummuna, ƙwallon ta yi ta zagaya zobe kafin ta ga dama ta faɗa, amma 'yan benci suka yi guɗa kamar an kawo amarya. Ana dab da tashi muna gaba da maki ɗaya tak, ta ɗauko ƙwallo da hagu aka fizge mata, yarinyar Sikaso ta nufi kwandonmu ita kaɗai. Nyagale ta juya ta bi ta da gudun da ban taɓa ganin ta yi ba, ta cim mata a ƙarƙashin kwando, ta doke ƙwallon ta baya, ita 'yar taka kuma ta tafi da fuska a kan siminti. Sanata ta faɗa kan ƙwallon, alƙalin wasa ya busa tashi.

Ga abin da nake so ku ji daga bakina kafin wani ya riga ni: haɓarta ta fashe, an yi mata ɗinki a asibiti. Haƙoranta lafiya, tana ci tana sha, sai dai tabo zai zauna, ɗan ƙarami. Ka lallaɓa ka gaya wa Korotumu. Da ma'aikaciyar jinya ta ce ta huta har a cire zare, sai ta amsa ta cikin haƙora wai haɓa aka ɗinke, ba ƙafa ba. Na hana ta shiga turereniya, amma jiya tana bakin fili da ƙwallonta tana bugawa.

Idan an yi hutun makaranta za a tara 'yan mata a Bamako don zaɓen waɗanda manyan ƙungiyoyi za su ɗauka. Ban yi maka alkawarin za a ɗauke ta ba. Hagunta har yanzu da saura, kuma ko a wasa mai zuwa daga benci za ta fara. Ba zan sassauta mata don jinina ce ba, domin waɗanda za ta tarar a can babu gwaggonta a cikinsu. Karatunta yana hannuna, ranar da ya yi baya ni da kaina zan kulle ƙwallon a ɗaki. Kai ne uba, maganarka ce ta ƙarshe, in ka ce a sa ta a mota ba zan tsaya a ƙofa ba. Roƙona ɗaya: kafin ka yanke, ka kira ta, kada ka fara da faɗa, ka tambaye ta abin da take so. Ni na tambaye ta, ta ce in gaya wa Baba ya ba ta damina ɗaya, in ta je Bamako aka ƙi ta, tana so ya zama an ƙi ta ne tana wasa da hannu biyu.

Inna tana sa maka albarka, ta ce ka rage shan shayi mai ɗaci. Burama da matarsa Tenin suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Korotumu, da ɗanku Siyaka, da 'yar autarku Fune, ka ce Gwaggo tana jiran hotonta. Sanata ma ta ce a gaida babban bawanta na Librebil. In kuma hannunka na ƙaiƙayin aiko da wani abu, takalmin wasa take bukata, lamba arba'in da huɗu, don duk kasuwar Segu babu na mata da ke shigar ta. Allah ya sada mu da alheri, ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Masaran Jara.