Inna Ba Za Ta Ga Fuskarsa Ba

Kharkov, 9 ga Maris, 1987

Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarin haƙurinmu? Ya jikin Inna, tana dai cin abinci? A gaishe da Baba Tsoho da mutanen garinmu Turawa.

Ni lafiyata ƙalau, kada ku damu. Zama ne dai ya gagare ni. Yau kwana goma sha biyu ƙaninmu Mika'ilu yana ɗakin ajiye gawa, ni kuwa kullum daga wannan ofis sai wancan. Wannan ya ce saura tambari, wancan ya ce in dawo jibi. Aji ma na daina shiga.

Na ji Baba Tsoho ya ce ƙasar Allah duk ɗaya ce, a rufe shi a nan. Gaskiyarsa ne. Amma tunda Inna ta ce a kawo mata ɗanta, zan kawo shi. In Allah ya yarda za mu sauka Kano ranar ashirin ga wata. Ku zo da a-kori-kura daga Karaye.

Yaya, ga abin da na kasa faɗa a waya. Akwatin gawar na ƙarfe ne, za su liƙe shi da wuta, kuma sun ce ba a buɗewa. Inna ba za ta ga fuskarsa ba. Ka fara lallashinta tun yanzu.

Ka gaya mata ni na yi masa wanka, mu bakwai muka sallace shi. Likkafani ne ban samu ba, sai na yanka farin yadin da ya saya zai kai mata tsaraba.

Allah ya jiƙansa, ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Maharazu